Kwandon Nunan Fari

Shafi na 19

Masu cewa Kulu ta cika taurin kai, na karanta maganganunku ɗaya bayan ɗaya, har da mai cewa in ita ce mijin Kulu ma da tuni ta gudu. Mijin dai ya daɗe a kabari, ku bar bawan Allah ya huta. Ku gyara zama.

*

Kulu tana bakin rijiya, guga bai gama fitowa ba, ta hango ƙanenta Iliyasu ya turo ƙyauren garka, lambunsu na fadama, yana fito. Da kwando a hannunsa, kwandon babu komai a ciki.

Sai da ta juye ruwan a hanyar da ke kai shi gindin inabi, sannan ta ɗaga kai ta dubi rumfa. Gefen gabas, inda 'ya'yan suka fara baƙi tun shekaranjiya, an yanke. Nonon inabi bakwai ta bari jiya da yamma. Yanzu ganye ne kawai.

"Iliyasu."

"Na'am, Yaya."

"Wa yay yanke inabin ga?"

"Ni na." Ya faɗa yana murmushi, irin na wanda ya yi abin kirki yana jiran a sa masa albarka. "Tun kina salla nih hito."

"Ina kak kai shi?"

"Inda aka kai shi mana. Gidan Bawa."

Igiya ta kuɓuce mata. Guga ya koma rijiya, suna jin faɗuwarsa can ƙasa.

Kwana uku ke nan da dawowar Iliyasu daga sojan Faransa. Shekara goma sha biyar ya yi bai ga ƙasar Karofane ba. An ɗauke shi yana saurayi, ya dawo a wannan shekara ta 1946 da lambobi a ƙirji da ƙafa ɗaya mai ɗingishi. Ya manta hanyar kasuwa, ya manta sunayen rabin mutanen gari. Abu ɗaya ne bai manta ba, shi ne aikin da ubansu Tsoho yake sa shi kowace shekara: in inabi ya nuna, kafin kowa ya kai baki, a cika kwando a kai gidan Bawa.

Duk ɗan Adar ya san ma'anar wannan kwando. Wanda yake noma ƙasar aro, shi ke kai nunan fari ƙofar mai ƙasa. Kwandon yana nufin, "Na sani ba tawa ba ce." Kuma mai ƙasa yana iya karɓar abinsa ran da ya ga dama.

"Wa kab ba?" in ji Kulu. Muryarta ta yi ƙasa ƙwarai.

"An ce min Bawa ya rasu, sai nib ba ɗanai Barmo. Ya yi murna, Yaya, har rungume ni yay yi. Ya ce in jira shi kira mutane su gani."

"Sun gani?"

"Zaure cike."

"Ya ci?"

"Ya ci, ya miƙa ma maigari, ya miƙa ma liman." Murmushin ya fara gushewa. "Mi yah hwaru?"

Kulu ta dube shi. Ta so ta mare shi, wallahi ta so. Amma me za ta mara? Mutumin da ya tsallake ruwan teku da wutar Jamus, ya dawo yana riƙe da maganar ubansa kamar jiya aka faɗa masa?

"Shekara goma sha biyar ba a kai kwandon ga ba," ta ce. "Garkag ga tamu ta. Bawa ya ba Baba ita har abada, watanni kaɗan bayan tahiyakka. Yau kai kam maida ta aro da hannunka."

Iliyasu ya saki kwandon.

"Ba wanda yag gaya min."

"Kwana ukku, Iliyasu! Ina jira ka huta. Kai ko ba ka tambaya?"

Ta ɗaure ɗamara da gyalenta, ta ɗauki kwandon daga ƙasa, ta nufi gari ba ta ko wanke laka daga ƙafafunta ba. Yana biye da ita yana ɗingishi.

*

Ƙofar gidan Barmo kamar ana suna. An shimfiɗa tabarmi a inuwa, Maigari Iro yana zaune a tsakiya, Malam Alƙasim liman yana gefensa. Inabin yana cikin faifai a gaban Barmo, an ci fiye da rabi.

Barmo mutum ne mai taushin murya, irin wanda zai yanke ka yana tambayarka lafiyar gida. Kowa a garin ya san rawani yake nema, ya kuma san kumandan na Madawa, Baturen da ke naɗa rawani, ba abin da yake so kamar inabin garkar Tsoho, don babu irinsa daga nan har Tawa. Sau biyu Barmo ya aiko wa Kulu a yi magana kan garkar. Sau biyu ta kori ɗan aiken.

"A'a, ɗiyat Tsoho!" in ji Barmo. "Marhabin. Mun ga saƙo, Allah shi maimaita muna."

"Ba saƙona ba na."

"Daga garka yah hito, ɗan gidanku yak kawo."

"Ɗan gidanmu baƙo na, kwananai ukku. Kai ka san haka, shi yas sa kay yi gaugawak kiran mutane." Ta durƙusa ta gaida maigari da liman, sannan ta miƙe tsaye. "Ranka shi daɗe, na zaka in amshi abin da anka kawo bisa kuskure."

Maigari ya dubi faifan, ya dubi yatsunsa da suka yi ja. Kunya ta kama shi.

"Kulu, abin da anka ci ba shi komawa kwando."

"Tunda maigari na nan," in ji Barmo, "ni ko ina da magana. Kakana Gado yas sare dajin hwadamag ga tun mutanen garin ga ba su san alƙibla ba. Ƙarya nika yi?"

"Gaskiya ta," in ji wasu tsofaffi.

"Tsoho yaz zaka daga Garhanga da sanda da buta, Gado ya ara mai wuri. Ƙarya nika yi?"

"Ba ƙarya ba ta," Kulu ta amsa da kanta. "Amma ka tsallake rabin labari, bari in cika maka. Hwaƙo anka ara mai, inda ko akuya ba ta tsayawa. Shi yag gina rijiya gaba tara da hannunai. Shi yaz zo da reshe ukku na inabi daga Abzin, naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, biyu sunka mutu, guda yar rayu. Gado ya rasu, Bawa ya gaji kwando, Baba bai taɓa hwashi ba. Sai shekarah hwara."

Ba wanda ke son a ambaci shekarar fara. Kusan kowane gida a nan ya binne wani a cikinta.

"Hwara ta cinye hatsi har kara. Gidan ga baki goma sha ɗaya, rumbu wayam. Kai, Barmo, kana can kudu, kurmi, neman kanka. Wata bakwai Baba shina aiko da dankali da kabewa da rabin abin da ac cikin rumbunmu. Gidan ga ba a hid da gawa ko guda ba. Gidanmu munka hid da ta innarmu."

Ta juya wajen maigari ta ci gaba.

"Da inabi yan nuna, Baba ya kawo kwando kamar kullum. Bawa bai taɓa ko ƙwara ba. Ya aza mai shi bisa kai cike kamar yadda yaz zo, yac ce, 'Tsoho, koma da shi, kada a ƙara kawowa. Garka taka ta, kai da ɗiyanka.' Ranka shi daɗe, in mai ƙasa ya maida kwando cike, mi ke nan?"

"Aro ya mutu," in ji maigari. "Ya zama kyauta."

"To."

Barmo ya ɗauki ƙwara ɗaya ya jefa a baki, ya tauna a hankali.

"Labarin na da daɗi. Wa yag gani?"

"Tsohon liman."

"Allah shi jiƙan shi."

"Baba da Bawa."

"Allah shi jiƙan su. Ki kawo muna mai numhwashi."

Yana da tabbacin babu. Shi ya sa ya jira shekara da shekaru yana binne shaidu ɗaya bayan ɗaya da addu'a mai kyau.

Kulu ta juya ta fuskanci ƙofar zaure, ta ɗaga murya yadda har bayan gida za a ji.

"Inna Tabawa! Ni ta, Kulu ɗiyat Tsoho! Ki hito don Allah!"

Barmo ya miƙe zumbur.

"Ke! Uwata kika kira gaban maza? Tsohuwa ba ta da lahiya, ba ta gani."

"Idanuna sunka mutu," wata siririyar murya ta ce daga cikin zaure, "kunnuwana na nan da ransu."

Tabawa, matar marigayi Bawa, uwar Barmo, ta fito tana laluben bango da sanda. Ta tsufa har ta koma kamar yarinya don ƙanƙanta. Kulu ta tare ta, ta zaunar da ita a bakin tabarma.

"Inna, koma ciki," in ji Barmo.

"Ni nih haihe ka, ba kai kah haihe ni ba. Zamna."

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. Barmo ya zauna.

Maigari ya tambaye ta abin da ta sani.

"Ina tsaye nan inda sandata take," in ji Tabawa. "Bawa ya aza ma Tsoho kwando bisa kai, shina kuka kamar yaro. Ni nik kama mai gammo. Ya ce garka ta Tsoho ta da ɗiyanai. In na ƙara ko na rage, Allah shi tambaye ni."

Mutane suka ɗauki salati. Iliyasu ya rufe fuska da hannu biyu. Kulu ta ji wani sanyi ya sauko mata tun daga kai har tafin ƙafa, daɗi ya cika ta har ta ji tausayin Barmo ma.

Da ta san abin da ke tafe, da ta adana tausayin.

"Inna ba ta ƙarya," in ji Barmo, murya a tausashe. "Na yarda. Ranka shi daɗe, tambaya guda. In an ba mutum kyauta, sa'an nan shi da kainai yak koma kai nunan hwari gidan mai ƙasa, shekara bisa shekara?"

Maigari ya amsa.

"Ya raya aron da hannunai. Amma kuskuren baƙo na rana guda ba shi zama haka nan."

"Ba Iliyasu nika nuhi ba." Ya juya wajen uwarsa. "Inna, shekara takwas ina ishe ƙwallayen inabi bakin ɗakinki, tun kahin kowa shi ga inabi garin ga. Wa ka kawo miki?"

Sai yanzu Kulu ta gane tarkon.

Wallahi ko sau ɗaya abin bai taɓa zo mata a rai haka ba. Shekarar da Tsoho ya rasu, inabi ya nuna, ta tsaya a ƙarƙashin rumfa ita kaɗai, ba uwa, ba uba, ba miji, ƙane yana can inda ba a san ko yana raye ba. Ba a cin nunan fari sai babba ya taɓa ya sa albarka, ita kuwa ba ta da babba. Sai ta tuna da Tabawa, wadda ta yanke mata cibi, ta kuma wanke gawar innarta. Ta sa nono ɗaya a 'yar ƙwarya ta rufe da gyale, ta bi ta ƙofar baya. Tsohuwa ta ci ta yi ta sa mata albarka. Shekara ta zagayo ta sake. Ba kwando ba ne, ba ƙofar zaure ba ce. Amma gidan Bawa ne.

Tabawa ta kawar da fuska gefe.

"Ni ka kawo mata," in ji Kulu.

Iliyasu ya ɗago ya dube ta. Ba ta iya haɗa ido da shi ba. Ɗazu-ɗazu ta gama wanke shi tas a kan abin da ita ta shekara takwas tana yi.

Maigari Iro ba ya son Barmo, kuma ya san rawanin wa Barmo yake hange. Ya yi gyaran murya, ya nemo mata ƙofa.

"Kai ma tsohuwa abin marmari sadaka ta, ba ta taɓa ƙasa. Magana guda ta: nunan hwari na, ko ko bayan kun ci kika kawo mata? In ba na hwari ba na, ki rantse, garka taki ta, magana ta ƙare yau."

Liman ya tashi ya shiga masallaci ya fito da Alƙur'ani a cikin gafaka. Aka kawo buta, Kulu ta yi alwala, laka tana bin ruwan daga ƙafafunta. Ta durƙusa a gaban liman.

Tabawa ta laluba ta kamo gefen zanenta, ta jawo ta, ta raɗa mata a kunne.

"Ɗiyata, ni ba ni gani. Ban san na hwari ba, ban san na baya ba. Ba mai ƙaryata ki."

Gaskiya ne. Duk duniya ba wanda ya sani sai ita.

Ta tuna 'ya'yanta mata biyu da garkar nan ke ciyarwa. Ta tuna bazara takwas tana jan guga tun asuba har tafin hannunta ya zama kamar ƙirgi. Kalma ɗaya ce tsakaninta da duk wannan. Ta miƙa hannu, har yatsunta sun kusa taɓa gafakar.

Sai ta janye.

"Malam, ɗauke Littahin Allah. Ba ni ƙarya bisa shi."

"Yaya!" in ji Iliyasu.

"Nunan hwari na. Shekara takwas, ko ɗiyana ban bari sun taɓa ba sai Inna ta ci. Ba don ƙasa nika kai mata ba, don ba ni da uwa na. Kuma ban yi nadama ba."

Tabawa ta fashe da kuka. Ta ɗaga sanda tana dukan iska ta wajen da take jin numfashin ɗanta.

"Da abincin bakina kak kama ta? Barmo, da abincin bakina?"

Bai ko dube ta ba.

Maigari ya gyara rawaninsa. Da ya buɗe baki, kamar ana ciro masa maganar da ƙugiya.

"Al'ada ba ta duba zuciya, ƙahwa taka duba. Ƙahwakki ta kai nunan hwari gidan mai ƙasa. Aro na da rai. In Barmo ya bukaci ƙasatai..."

"Na bukata," in ji Barmo. "Daga yau. Ba ni zalunci, ta kwashe albasatta da tulunanta." Ya shafa gemu, daɗi ya sa ya kasa riƙe bakinsa. "Jibi in Allah ya so ni da kaina za ni kai ma kumandan sauran inabin. Na riga na yi mai alkawali, kowace shekara."

Kulu ta miƙe. Ba ta yi kuka ba, abin da ya ba mutane tsoro ke nan. Ta gyara ɗamararta, ta ƙara tamke ta.

"Ranka shi daɗe, ni ma tambaya guda."

"Ina jin ki."

"Ƙasa ta Barmo ta, na ji. Iccen da ab bisa ƙasa fa?"

"Icce na wanda yad dasa na, da magadanai. Wanga ko yaro ya sani."

"Wa yad dasa inabin?"

"Tsoho."

"Magadanai su wa?"

"Ke da ƙanenki."

"Mai icce shina iya yin abin da yag ga dama da iccenai?"

Maigari ya ɗago kai. Ya gane inda ta dosa, ya so ya yi shiru, amma idon gari yana kansa.

"Shina iyawa."

Hannun Barmo ya tsaya a kan gemu.

"Ke, mi kika nuhi?"

Ta juya wajen ƙanenta.

"Iliyasu, tahi gida. Bayan rumbu akwai gatarin Baba. Ka ishe ni garka."

"Yaya..." in ji Iliyasu. "Shekara arba'in iccen ga. Shi kaɗai yar rage muna na Baba."

"Na sani."

"Kulu, kina hauka?" Barmo ya daka tsawa, taushin muryar ya tafi. "Na yi ma kumandan alkawali! Maigari, hana ta!"

Ta riga ta kama hanyar fadama. Sai a lokacin hawaye suka zubo mata, ba ta share ba, ba ta kuma waiwayo ba.

"Tunda na Baba na," ta ce, "ni za ni sare shi da hannuna. Kawo gatarin."